Filin Tambaya da Amsa: Idan Nau'in Ƙudan Zuma Ɗaya Ya Ɓace, Ina Sauran Ƙwarin Fure Suke Nufa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a Zariya. A darasinmu na barbarar tsirrai na faɗa wa ɗalibaina cewa a Amurka da Turai wasu nau'o'in ƙudan zuma mai gashi, wanda masana suke kira Bombus, suna ƙarewa. Sai wata ɗaliba ta ce tunda ƙwarin da ke sauka a kan fure suna da yawa, ai faɗuwar wani tashin wani ne, wato idan nau'i ɗaya ya ɓace sauran za su sami abinci a wadace kuma su ci gaba da aikin. Na rasa gamsasshiyar amsar da zan ba ta. Shin haka abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A gaishe mana da wannan ɗaliba, domin abin da ta faɗa shi ne abin da masana da dama suka ɗauka shekara da shekaru, kuma rabinsa gaskiya ne. Sauran ƙwarin suna samun ƙarin abinci, suna kuma matsowa su cike gurbin. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan matsowar tana sauya yadda suke kiwo, alhali shi tsiro ba yawan masu sauka a kansa ne damuwarsa ba, abin da suka ɗauko masa a jikinsu shi ne damuwarsa.

Bombus ƙudan zuma ne mai kauri da gashi, kuma nau'o'insa sun kai kimanin 250 a duniya. Ƙwaron ƙasashen sanyi ne da kan duwatsu, ana samunsa a Turai da Asiya da nahiyar Amurka, amma babu shi a Afirka kudu da Sahara. Gidansa ƙarami ne, daga ma'aikata 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma shekara ɗaya yake yi, domin da hunturu ya shigo kowa yakan mutu sai sababbin sarauniyoyi da suka binne kansu a ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne harshensa. A fili ɗaya ana iya samun nau'i biyar ko goma suna kiwo tare, wasu masu gajeren harshe kamar na ƙudan zumar amya, wanda bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, wasu kuma harshensu ya ninka wannan. Furanni ma haka suke, wani ruwan zaƙinsa yana kusa da baki, wani kuma yana can ƙasan dogon bututu. Da haka ne ƙwarin suke raba filin a tsakaninsu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna a fili cewa wannan rabon gasa ce take riƙe da shi shi ne David Inouye, a binciken da ya wallafa a 1978. Ya yi aikin a duwatsun jihar Kolorado ta Amurka, kusa da Gothic, wani tsohon garin haƙar azurfa da aka mayar da shi tashar bincike tun 1928. A wurin akwai Bombus appositus mai dogon harshe, wanda ya fi kiwo a kan wani shuɗin fure mai zurfi da ake kira Delphinium, akwai kuma Bombus flavifrons mai matsakaicin harshe, wanda ya fi zuwa wani furen da bai kai wancan zurfi ba, Aconitum. Da ya kwashe mai dogon harshen, sai mai matsakaicin ya ƙara yawan zuwa furen mai zurfi, da ya kwashe mai matsakaicin kuma, sai mai dogon harshen ya shiga kiwon ɗaya furen. Dalilin a bayyane yake: muddin mai dogon harshe yana zagayawa, ruwan zaƙin ba ya taruwa, kullum yana can ƙasa inda shi kaɗai yake kaiwa, amma da ya tafi sai ruwan ya taru ya hauro bututun har gajeren harshe ya same shi. Ke nan kowane ƙwaro ba don ba ya son furen maƙwabcinsa ne ya ƙyale shi ba, riga shi ake yi.

Duk da haka, lissafin da aka riƙa yi a kwamfuta daga baya ya kwantar wa mutane hankali. A 2004 Jane Memmott ta Jami'ar Bristol da abokan aikinta biyu sun ɗauki jerin wane ƙwaro ke zuwa wane fure, suka riƙa goge ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, sai suka ga yawancin tsirrai ba sa rasa mai ziyara sai an goge ƙwari masu yawan gaske. Wannan shi ne ra'ayin ɗalibarka, an sa masa alƙaluma. Sai dai irin wannan lissafi yana ɗauka cewa waɗanda suka rage za su ci gaba da halinsu na da, kuma tsiro yana lafiya muddin akwai ko da ƙwaro ɗaya da ke sauka a kansa. Dukansu biyun akwai magana a kansu.

Berry Brosi, wanda a lokacin yake Jami'ar Emory, da Heather Briggs sun koma waɗancan filayen na Kolorado domin su gwada da hannu. Sun yanki filaye masu mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, suka fara lura da yadda ake kiwo a cikinsu, sannan suka bi nau'in Bombus da ya fi yawa a kowane fili da ragar hannu suka kama shi ɗaya bayan ɗaya, suka ajiye a wuri mai sanyi domin a sake su bayan an gama. Daga nan sai mutum ya zaɓi ƙudan zuma guda cikin waɗanda suka rage, ya bi shi a ƙafa daga fure zuwa fure yana rubuta sunan kowane tsiro da ya sauka a kai. Sun kuma goge ƙurar furen da ke jikin ƙwarin, wato garin da ke yin barbara, suka duba ta a madubin ƙara girma, suka rufe wasu furannin Delphinium da 'yan jakunkuna tun kafin su buɗe, ba su cire jakunkunan ba sai a lokacin gwajin, domin a tabbatar cewa duk ƙurar da ta sauka a kansu a wannan lokacin ta sauka.

Abin da suke aunawa wata ɗabi'a ce da ƙudan zuma ya shahara da ita. Idan ya fita kiwo yakan riƙe nau'in fure ɗaya a wannan fitar, ya tsallake wasu ko da suna gabansa, domin kowane fure yana da hanyar shigarsa kuma koyonta yana cin lokaci. Wannan ɗabi'a ita ce jarin tsiro, saboda ƙurar Delphinium ba ta da amfani sai a kan wani Delphinium. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna cewa bayan an kwashe nau'i ɗaya tak, riƙon fure ɗaya a wajen waɗanda suka rage ya sauko daga kusan kashi 78 cikin 100 zuwa kusan kashi 66. Ƙurar da ke jikinsu ta ƙara cakuɗuwa, wadda take sauka a bakin sashen mace na furen ita ma ta cakuɗu, kuma irin da Delphinium ya yi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Furen bai rasa baƙi ba. Abin da ya faru ya yi kama da ɗan aiken da a da gida ɗaya yake yi wa aiki, yanzu ya karɓi saƙon gidaje biyar ya zuba a jaka ɗaya, yana isa kowace ƙofa a kan lokaci amma rabin abin da yake miƙawa na wani gidan ne. Asarar ma ta fuska biyu ce, domin ƙurar da aka kai wa baƙon fure ta tafi a banza, sannan ta tare wurin da ƙurar gaskiya za ta manne.

A 2017 Brosi da Briggs da wani abokin aikinsu sun faɗaɗa dubawar zuwa dukkan ƙwarin da ke ziyartar furanni a filayen, ba Bombus kaɗai ba. Sun ga cewa rabon aiki ya ragu, ƙwari daban-daban sun ƙara haɗuwa a kan furanni iri ɗaya, kuma adadin nau'o'in tsirran da aka ziyarta gaba ɗaya ya ragu. A ganina wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi. Lokacin da babban yake nan yana shanye furannin da suka fi ruwan zaƙi, ƙanana dole suke watsuwa su nemi abinci a kan tsirran da ba su da yawa, kuma da wannan dolen ne waɗancan tsirran suke samun barbara. Da ya tafi, kowa ya koma inda romon yake, tsiron da dama can ƙalilan ne a filin shi ne ya fara zama babu mai leƙa shi.

Adalci ne kuma a faɗa wa ɗalibar cewa akwai inda maganarta ta tabbata. A jihar Wiskonsin, Allysa Hallett da Jeffrey Karron da abokan aikinsu sun hana Bombus sauka a kan wani tsiro mai farin fure, Asclepias verticillata, a binciken da ya fito a 2017. Ziyarar rina ta dangin Polistes ta ƙaru kusan ninki uku, kuma barbarar tsiron ba ta ragu ba. Furen wannan tsiro ba shi da zurfi, ƙurarsa a ƙunshe take cikin 'yan ƙulle-ƙulle da ke maƙalewa a ƙafar ƙwaro, kuma rina ta iya ɗaukar su. Saboda haka abin da za a tambaya a kowane wuri shi ne ko akwai magaji a kusa, ko jikinsa ya dace da furen, ko kuma zai riƙe furen ko zai riƙa yawo. Inda ukun nan suka cika, tsiro ya tsira. Furanni masu zurfi, waɗanda masu iya shigarsu kaɗan ne, su ne suka fi shiga haɗari.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce mai karatun aikin gona a jami'a a Maraɗi. Na karanta labarin gwaje-gwajen da ake kama ƙudan zuma a ƙaramin fili a sake shi daga baya. Amma wannan ai ba ɓacewa ba ce ta gaskiya. Akwai wurin da wani nau'i ya ragu ko ya ƙare da gaske, aka kuma ga abin da ya biyo baya?

AMSA: Malama, kin taɓo raunin waɗannan gwaje-gwaje daidai. Na ɗan lokaci ne, a ƙaramin fili, kuma abin da suke nunawa shi ne sauyin hali nan take, ba abin da zai faru da yawan kowane ƙwaro bayan shekara ashirin ba. Don haka sai a haɗa su da tarihi, kuma tarihin yana nan.

Mafi tsabtar misali daga Suwidin yake. Akwai wata ciyawar dabbobi dangin wake mai jan fure, jar kuloba, wadda bututun furenta yake da zurfi, kuma ba ta yin iri sosai sai da ƙudan zuma mai dogon harshe. Tun a littafinsa na 1859 Charles Darwin ya yi maganar dogaronta ga Bombus, kuma saboda ita ne aka ɗauki sarauniyoyi daga Ingila zuwa Niyu Zilan a 1885, da manoman can suka ga tana tsiro amma ba ta ba da iri. Masu bincike a Suwidin sun ƙidaya ƙudan zuma a gonakin wannan ciyawa tun shekarun 1940, sai Riccardo Bommarco da abokan aikinsa suka maimaita ƙidayar suka wallafa a 2012. A da, nau'o'i biyu masu gajeren harshe, Bombus terrestris da Bombus lapidarius, su ne kashi 40 cikin 100 na abin da ake gani. A sabuwar ƙidayar sun kai kashi 89, masu dogon harshen kuwa sun koma 'yan tsiraru. A daidai wannan zamani matsakaicin irin da gona ke bayarwa ya ragu a shekarun baya-bayan nan, kuma bambancin amfani tsakanin wannan shekara da waccan ya ninka. Wanda ya tsaya a bakin gonar zai ga ƙudan zuma ko'ina, zai ji ƙuginsu, ba zai san an yi rashi ba.

Masu gajeren harshen nan suna da wata ɗabi'a da ke shafar wasu ƙwari kai tsaye. Idan terrestris ya tarar da fure mai zurfi, sau da yawa ba ya shiga ta baki, sai ya zagaya gindin bututun ya ciji ƙaramar huda ya tsotse ruwan zaƙin ba tare da ya taɓa sashen namiji ko na mace ba. Hudar tana nan bayan ya tafi, kuma ƙudan zumar amya, wanda da wuya ya iya yin hudar da kansa, yakan gane ta ya koma sha ta nan. Ana ganin haka sosai a gonakin waken Turai mai faɗin ƙwaya. Ke nan yawaitar nau'i ɗaya ko ƙarancinsa yana iya mayar da wani ƙwaron daban daga mai barbara zuwa ɓarawon ruwan fure, ko akasin haka.

Akwai kuma waɗanda ɓacewar wani nau'i take nufin tasu ɓacewar. Cikin dangin Bombus akwai kusan nau'i 30 da ba su da ma'aikata kuma ba sa tara ƙurar fure. Macen takan kutsa gidan wani nau'in, ta kashe sarauniyar ko ta danne ta, ta zuba ƙwanta, ma'aikatan gidan su rene mata 'ya'ya. Kowanne cikinsu yana da nau'i ɗaya ko 'yan kaɗan da yake iya yi wa wannan kutse. A gabashin Amurka ta Arewa, Bombus affinis yana cikin waɗanda aka fi gani har zuwa shekarun 1990, sannan ya faɗi da kusan kashi 87 cikin 100, kuma a 2017 ya zama Bombus na farko da gwamnatin Amurka ta sa a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Ɗan kutsen da ya dogara da shi da ɗan'uwansa terricola, wato Bombus bohemicus, ya bi su ƙasa, har Kanada ta sa shi a nata jerin. A yammacin ƙasar kuma Bombus franklini, wanda dama ɗan yanki ne kawai yake zaune tsakanin kudancin Oregon da arewacin Kalifoniya, ganin ƙarshe da aka yi masa shi ne wanda Robbin Thorp ya yi a 2006.

Labarin da ya fi tayar da hankali daga kudancin Amurka ta Kudu yake. A can akwai Bombus dahlbomii mai jajayen gashi, wanda sarauniyarsa take kai santimita 4, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, kuma shi kaɗai ne Bombus ɗan asalin yankin Patagoniya. A farkon shekarun 1980 an shigo da Bombus ruderatus ƙasar Chile saboda jar kuloba, sannan a ƙarshen shekarun 1990 aka fara shigo da terrestris daga Turai saboda tumatirin da ake nomawa a rufaffun rumfuna. Terrestris ya tsere, ya haye duwatsun Andes ya shiga Ajantina a 2006, yana bazuwa kimanin kilomita 200 a shekara, ɗauke da ƙwayoyin cutar hanji, kuma duk inda ya isa sai ɗan ƙasar ya yi ƙasa cikin 'yan shekaru. Abin da ya biyo baya ba iri ɗaya ba ne ga kowa. A kan wani rawayan furen daji da mutanen wurin suke kira amankai, ruderatus ba ya sauke ƙura a kowace ziyara kamar yadda dahlbomii yake yi, amma yawan zuwansa ya rufe giɓin. A gonakin 'ya'yan itacen rasberi kuwa, terrestris ya yi yawan da har yake karya sashen mace na furen saboda yawan sauka, yana kuma huda furannin da ba su buɗe ba ya shanye ruwan da ƙudan zumar amya zai samu. Yana yi wa dogayen furannin daji irin wannan satar, har da waɗanda ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure suke dogara da su. Idan yawan ƙudan zuma ake ƙirgawa, Patagoniya ta ƙaru, ba ta ragu ba.

Wani abu da gwaji ba ya iya kwaikwaya shi ne, a zahiri ba a ɗauke nau'i ɗaya a bar sauran lafiya ƙalau. Abubuwan da ke kashe shi suna taɓa maƙwabtansa. Birtaniya ta rasa kimanin kashi 97 cikin 100 na filayen ciyawa masu furanni tun daga shekarun 1930, kuma Bombus subterraneus, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a Dungeness da ke kudancin Ingila a 1988, ba shi kaɗai ya ji jiki ba, sauran masu dogon harshe ma sun ja baya. Haka maganin ƙwari dangin niyonikotinoyid, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da iri uku nasa a fili a 2018, ba ya tambayar nau'i. Magajin da ake sa ran zai karɓi aikin, sau da yawa shi ma a jigace yake.

TAMBAYA: Ina kiwon zuma kuma ina noman rani a jihar Kano. Idan wancan ƙudan ya ɓace, me zai hana a kai amya a ajiye a gonakin, ai zuma zuma ce? Sannan mu da ba mu da shi, ina ruwanmu da wannan magana?

AMSA: Malam, Allah ya ba da sa'ar sana'a. Amya tana taimakawa ƙwarai, amma akwai aikin da ƙudanka ba zai iya ba ko da an jera amya ɗari, kuma misalin yana cikin gonarka. Ka ɗauki furen tumatir ko na gauta ko yalo ka duba tsakiyarsa. Ƙurar ba a waje take ba, tana kulle cikin 'yan rawayan bututai masu ƙaramar kafa, ba ta fita sai an girgiza su. Bombus yakan kama bututan da bakinsa, ya lanƙwashe jikinsa a ƙarƙashinsu, ya tsayar da fikafikansa, sannan ya kaɗa naman ƙirjinsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, har ka ji ƙarar ta sauya ta yi tsini, ƙurar ta feso masa a ciki. Ƙudan zumar amya ba ya yin wannan ko kaɗan. Shi ya sa a rufaffun rumfunan tumatir na Turai, inda babu iska mai kaɗa fure, ma'aikata ne suke bin furanni da 'yar sanda mai girgiza, har sai da wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland de Jonghe, ya gano amfanin Bombus a kan tumatir ya fara kiwonsa don sayarwa a 1987. Yau ana sayar da gidajensa fiye da miliyan ɗaya a shekara, kuma wannan cinikin ne ya kai shi Chile. Ban da haka yana ɗumama jikinsa da karkarwar wannan naman ƙirjin, don haka yana fita kiwo da sanyin safiya da lokacin yayyafi, sa'ad da ƙudan amya yake lafe a gida.

Alƙaluma ma sun goyi bayan haka. A 2013 Lucas Garibaldi, ɗan Ajantina, da masu bincike da yawa sun haɗa bayanan gonaki 600 na tsarin noma 41 a sassan duniya, suka ga cewa ƙarin ziyarar ƙwarin daji yana ƙara ɗaurin 'ya'ya ninki biyu na abin da irin wannan ƙari daga ƙudan amya yake yi, kuma amfanin ƙwarin dajin yana nan ko an kawo amya ko ba a kawo ba. Har ila yau kasancewar ƙwarin daji tana gyara aikin ƙudan amyar kansa. A gonakin irin furen rana na Kalifoniya, inda ake shuka layin namiji daban da layin mace, Sarah Greenleaf da Claire Kremen sun nuna a 2006 cewa ƙudan amya yakan lafe a layi ɗaya, amma idan ya yi karo da ƙudan daji a kan fure sai ya tashi ya sauya layi, kuma wannan yana iya ninka amfaninsa har sau biyar. Ka lura cewa a nan yawon ne yake da amfani, domin tsiron iri ɗaya ne, alhali a Kolorado yawon tsakanin tsirrai mabambanta ne ya jawo asara. A duka biyun dai halin ƙwaro ya danganta da wanda yake kiwo kusa da shi. Cika wuri da amya kuma yana da nasa illar ga na dajin, domin suna raba abinci, kuma a Birtaniya an sami ƙwayar cutar da ke naƙasa fikafikan ƙudan amya a jikin Bombus na daji.

Game da ruwanmu da maganar, abu na farko shi ne duk ranar da noman tumatir a rufaffun rumfuna ya bunƙasa har wani ya kawo shawarar shigo da akwatunan Bombus daga waje, abin da ya faru a Chile ya isa a tsaya a yi nazari kafin a ba da izini. Na biyu, aikin girgiza fure a ƙasarmu yana da masu yinsa. Babban cikinsu shi ne baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda busasshen itace da sandunan rumfa yana zubo gari, wanda masana suke kira Xylocopa, wasunsa da rawaya ko fari a gadon baya. Mutane da yawa suna ɗaukarsa maɓarnaci su kashe shi, alhali yana girgiza furen tumatir da gauta, kuma nauyinsa yana danne leɓen furen wake ya buɗe shi, abin da ƙananan ƙwari ba sa iyawa. A busasshen reshe yake gida, don haka gonar da aka share ta tas aka ƙone kowane kututture ba ta bar masa wurin zama ba. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙudanka da wannan ƙwaron suke kansa. Idan feshi ya zama dole a lokacin fure, a jinkirta shi zuwa bayan la'asar sakaliya, a kuma sanar da masu amya na kusa tun kafin ranar.